Garba Mai Bugu da 'Yar Rawayar Fuska

Idan ka shigo Gyaɗi-Gyaɗi daga titin Zariya ka karya kwana ta layin masu kayan gini, kunnenka ne zai riga ƙafarka isa rumfar Garba. Dum-dam, dum-dam, tun daga shan koko har la'asar. Shekara talatin da huɗu ke nan yana bugun shadda a wurin. Mu taubasai ne, uwarsa yayar babana ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini, shi ma ya sani. Sunana Sani. Na yi tuƙi a ma'aikata har na ajiye, yanzu ina da adaidaita sahu guda ɗaya da nake fita da ita ranar da na ga dama. Sauran ranakun ina kan bencin Garba ina taya shi aiki da baki.

A wani ƙauye kusa da Kura aka haife shi, a cikin marina, shi ya sa har yau in ya ga shuɗi sai ya tsaya ya shinshina. Yana ɗan shekara sha bakwai ya shigo birni ya kama wanki da guga, da dutsen gugar nan na gawayi. Daga baya ya koyi bugu. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka duk abu ɗaya ne, amma a wurinsu mai bugu sama yake da mai wanki. Mai wanki ne zai wanke, ya sa sitaci, ya shanya, sannan ya ɗauko ya kawo. Mai bugu ya yayyafa ruwa, ya ninke, ya shimfiɗa a kan gungume, ya yi ta dukanta da mabugi, guntun icen nan mai nauyi, har shadda ta riƙa ɗaukar ido. Ranar da Garba ya fara riƙe mabugi ya ce hannunsa da ruwan sabulu sun yi sallama, kuma ya cika alkawari. Ko hularsa bayarwa yake a wanke masa.

Ciwonsa ɗaya ne: tambaya. Garba ba ya iya ganin abu ya bar shi bai san cikinsa ba. Ya taɓa kwance rediyo sabuwa fil don ya ga ta ina murya ke shigowa, har yau tana cikin leda. Akwai wani likita da ke kawo masa shadda, Garba ya hana shi kayansa ranar Juma'a da hantsi sai ya gaya masa dalilin da ya sa in mutum ɗaya ya yi hamma kowa sai ya yi. Likitan ya ce su ma ba su gama ganowa ba. Garba ya ba shi kayan, amma na ga darajar asibiti ta ragu a idonsa tun daga ranar.

Mutum ɗaya ce a duniya Garba ba ya iya yi wa tambaya: Asma'u, 'yarsa ta fari. Mu da muka tashi a da mun san kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi ko da cikinka na ƙuna. 'Yan yanzu sun sassauta, Garba kuwa ko zare ɗaya bai sassauta ba. Tana yaye aka kai ta ɗakin Gwaggo, mahaifiyarsa, can ta girma. Ni dai ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. “Yarinyar nan” yake cewa, da ta yi aure kuma ta koma “ta Unguwar Gano”, haka ma aka rubuta masa a waya. Mahaifiyarta ta rasu shekara shida da suka wuce, Gwaggo ta bi bayanta bara waccan. Duk ɗakin da yarinya ke shiga ta rufe ƙofa ta faɗi abin da ke damunta, an kulle shi.

Amma ni na san abin da ke ransa. Asma'u tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin ungozoma, kuma ba abin da Garba ke jira a rayuwarsa kamar ranar da za ta gama. Duk ma'aikacin asibitin da ya kawo bugu sai ya sha tambaya: jarrabawar nan ta ƙarshe kwana nawa ake yi, ana faɗuwa da yawa, a zaune ake yi ko a tsaye? In an ce wa kake tambaya wa, sai ya ce, “Wata ce a dangi.”

Waya ce ta buɗe masa 'yar kafa. Tun da aka sa masa Wasaf, kullum da safe sai ya juya wa titi baya ya ɗauki murya, ba suna ba komai: “An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya mai sunan Gwaggo?” Mai sunan Gwaggo ita ce jaririyarta, Ummi, 'yar wata biyar. Ba a jima sai amsa ta zo: “Lafiya lau, Baba. Ba gajiya. Yau muna asibiti.” Ko kuma, “Yau muna aji.” Sai ya saurara sau biyu, ya mayar da wayar aljihu, ya ɗauki mabugi.

Wata Talata, saura wata guda jarrabawar, ya kira ni.

“Sani, matso ka ga wani abu.”

“In aiki ne ban fito da hannuna ba.”

“Bakinka nake nema, shi ba ka taɓa mantawa da shi a gida ba. Duba nan.”

A ƙarƙashin saƙon muryarta akwai wata 'yar fuska rawaya, irin waɗanda yara ke kira imoji. Ido a runtse, gira ta karye, baki a buɗe ya zubo ƙasa. Ya ja sama da yatsa. Jiya tana nan. Shekaranjiya tana nan. Muka yi ta ja har muka ƙirga goma sha ɗaya a jere.

“Me wannan ke cewa?”

“Ciwon haƙori ne,” na ce. “Ko yaji ya yi yawa a miya. Kai ma haka fuskarka take in an ce an ƙara wa shayi ruwa.”

“Bar shirme. Saurari muryar.”

Ya kunna. “Lafiya lau, Baba. Ba gajiya.” Shi ke nan.

“Ka ji abin da babu?” ya ce. “Babu aji, babu asibiti. Ranar da fuskar nan ta fara zuwa, ranar maganar makaranta ta ɗauke.”

Ban yi dariya ba wannan karon. Da ni ne, wallahi shekara zan yi ban lura ba.

Garba ya shiga bincike yadda ya saba. Ya buɗe jerin fuskokin da ke wayar, ya ga sun fi mutanen ɗaurin aure yawa, ya yi ta kwatanta ta da 'yan uwanta. Wannan tana da hawaye, tamu ba ta da shi, saboda haka ba rasuwa ba ce. Waccan ta yi ja, tamu ba ta yi ba, saboda haka ba faɗa ba ne. Akwai mai tsinken awon zazzaɓi a baki, da ciwo ne da ita za a turo. Wani Alhaji da ya zo karɓar babbar riga ya leƙa ya ce waƙa take rerawa. Mai cajin waya na bakin layi ya ce shi ba ya duba su, turawa kawai yake. Laraba da hantsi na iso na tarar da Garba ya ajiye mabugi, ya runtse ido, ya karya gira, ya saki baki.

“Innalillahi! Shanyewar jiki?”

“Gwadawa nake. In na yi yadda ta yi, wataƙila in ji abin da take ji.”

“To me ka ji?”

“Ƙuda ya kusa shiga.”

Malama Lami ce ta raba gardama. Shagonta na kayan masarufi yana jikin rumfar, bango ɗaya. 'Yar Kagoro ce, ta koyar a firamare nan Tarauni shekara talatin kafin ta yi ritaya, rabin magidantan layin nan sun sha bulalarta. Tana jin mu tun jiya, ta fito tana gyara tabarau.

“Ku ba ni in gani, kun cika mini kunne. Af! Wannan? Ai 'yata Hope kullum Litinin sai ta turo mini ita daga Jos. Gajiya ce.”

“Gajiya?” in ji Garba. “Ai ga mai barci can, ga mai hamma.”

“Ni ma haka na ce mata. Ta ce mai barci barci take ji, in ta kwanta ta warke. Mai hamma abin ne ya gundure ta. Wannan kuwa ita ce, na gaji, kuma ban hango ƙarshen abin ba.”

Garba ya ce, “Amma da bakinta ta ce ba gajiya.”

“Malam Garba, kai da kafaɗarka ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, in na ce maka ina gajiya me kake ce mini? Wa ya taɓa amsa gaisuwa da gaskiya a garin nan? Kira ta ka tambaye ta mana. Asma'u, me ke damun ki? Kalma nawa ce?”

Ya kalle ta kamar ta ce ya fita titi ya taka rawa.

“Fiye da shekara talatin ina Kano,” ta ce da ni, “wannan kunyar taku ce kaɗai na kasa koyo. 'Yarka ce fa, ba surukarka ba!”

Ta shige shago. Garba ya ɗauki mabugi ya ajiye, ya sake ɗauka.

“Sani, adaidaitarka tana da mai?”

Ranar Alhamis bayan azahar na isa Unguwar Gano. Tun daga zaure na fara karanta amsar. Igiya uku cike da shanya, baho biyu an jiƙa kaya, tukwane na jiran wanki, littattafanta a saman firji an ɗora musu kwanon koko. Mijinta Habibullah ma'aikacin gwamnati ne, an mayar da shi wata ƙaramar hukuma mai nisa, sai Juma'a da yamma yake dawowa. Asma'u ta fito da Ummi a baya, ta durƙusa.

“Sannu da zuwa, Baffa. Ina wuni?”

“Lafiya lau, uwar masu haihuwa. Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

Sai kawai na runtse ido, na karya gira, na saki baki. Na fi Garba iyawa, bakina ya fi nasa faɗi.

Ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye kuka. Na bar ta ta yi, na karɓi Ummi ina yi mata gwalo.

Da ta natsu ta gaya mini. Maƙwabciyar da ke riƙe mata Ummi in za ta fita ta tafi garinsu haihuwa. Kwanakin aiki tara ke nan ba ta leƙa asibiti ba, alhali ba a barin ɗaliba ta zauna jarrabawa sai an sa mata hannu a littafi cewa ta cika kwanakin aikinta. Ummi na haƙori, ba ta yarda a ajiye ta. Wanki kuwa in ta gama na yau na gobe ya riga ya taru. Ta rubuta takardar neman ɗage karatu zuwa baɗi, tana cikin jaka, ranar Litinin za ta kai.

“Kuma Baffa na san kaina. In na zauna, na zauna ke nan.”

“Habibullah ya sani?”

“Shi ma a gajiye yake dawowa. In ya tambaya sai in ce ba komai.”

“To ke da kika iya ɓoye wa miji, me ya kai ki tura wa tsohon nan fuska? Kin hana shi bugu, kin hana ni hira.”

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. “Na ɗauka ba zai gane ba. Shi ya sa nake tura masa. Bakina ba zai iya ba, Baffa. Amma in na danna ta, sai in ji kamar na faɗa wa wani.” Ta ɗago da sauri. “Don Allah kar ka gaya masa.”

“Ni da aka aiko? Man adaidaitar ma shi ya zuba.”

Na dawo na tarar yana kan wata farar shadda. Ban ce ya tsaya ba, shi ma bai tsaya ba, ina magana yana bugu. Sai dai dukan ya riƙa yin nisa da juna har ya ɗauke.

“Takardar tana ina?”

“A jakarta.”

“Litinin?”

“Litinin.”

Ya tashi ya karkaɗe wando ya shiga shagon Malama Lami. Shekara goma sha biyu suna maƙwabtaka, ban taɓa ganin ya wuce bakin kanta ba. Na matsa jikin bango, don ba a yin irin wannan zama babu ni.

“Malama, wata ce a dangi take da jaririya…”

“Asma'u. Faɗi sunan, ba zai ƙone ka ba.”

“…take da jaririya, ba ta da inda za ta bar ta da safe.”

“Na goyi huɗu, na koyar da dubu, guda ɗaya ba za ta gagare ni ba. A kawo ta. Amma in tana barci, wannan dum-dam ɗin naka ya tsaya.”

“Zai tsaya.”

Ya fito ya ce da ni, “Gobe da sassafe ka je ka kwaso kayan wankin gidan. Duka.”

“Wa zai wanke?”

Ya leƙa bayan rumfa yana auna inda igiya za ta ratsa.

“Garba! Kai? Sarkin bugun Gyaɗi-Gyaɗi zai koma ruwan sabulu? Har da kayan surukinka fa a ciki.”

“Na ce duka. Ka ce mata wani sabon mai wanki ne yake neman kasuwa.”

“Sunansa?”

“Ba shi da suna. Sannan ka ce mata takardar nan a bar ta a jaka tukuna.”

Juma'a na kwaso kaya ƙunshi uku. Garba ya naɗe hannun riga ya tsuguna gaban baho, karo na farko cikin shekara talatin da huɗu. Masu wankin da ke kawo masa shadda suka zo suka tsaya cirko-cirko. Ɗaya ya ce, “Malam Garba, an dawo gida ke nan?” Ko a jikinsa. Ya ɗago wata 'yar rigar Ummi ya ce, “Kai da kake cikin harkar, me ya sa tabon nono yake komawa rawaya in ya kwana? Kuma wane sabulu ne ke cin sa?” Mutumin da ya zo tsokana sai da ya yi rabin awa yana amsa tambayoyi.

Asirin sabon mai wanki bai kwana biyu ba, kuma Garba ne ya tona kansa. Hannu ya saba. Da kayan suka bushe, sai ya ɗora farar rigar asibitinta a kan gungume ya buge ta har tana walƙiya, ya bi da zannuwanta, ya bi da rigunan Ummi masu faɗin tafin hannu, ya ninke su ninkin babbar riga. Da na kai, Asma'u ta kwance ƙunshin, ta ɗaga rigar, ta daɗe tana kallo.

“Baffa, sabon mai wankin nan ya daɗe a sana'a.”

“Haka na ji ana cewa.”

Habibullah kuwa ranar Asabar sai ga shi a kan babur kamar an biyo shi. Ya cire takalmi tun daga bakin kwata, ya tsuguna nesa. Yana cikin gaisuwa idonsa ya faɗa bayan rumfa, ya ga singiletinsa da gajeren wandonsa suna lilo a igiya. Na ga gumi ya keto masa.

“Baba, don girman Allah… wannan ai… ni ya kamata…”

Garba yana kallon bango ya ce, “Kayan wani mai kawo mana aiki ne.”

“Ka san shi, Habibu?” na ce. “Ƙugunsa ya yi daidai da naka.”

Daga ranar ya riƙa tafiya da wankinsa can wurin aiki, ya kuma nemi hutun sati biyu ya ajiye shi daidai kwanakin jarrabawa. Yaron kirki ne, ba a gaya masa ba ne kawai.

Litinin ta zo. Ƙarfe bakwai na ɗauko uwa da 'ya, na sauke Ummi a shagon Malama Lami, na wuce da Asma'u ƙofar asibiti cikin rigarta mai ɗaukar ido. Ban tambayi takarda ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba. Haka muka yi sati uku da 'yan kwanaki. Ta rama kwanakin da ta rasa har da Asabar da Lahadi, aka sa mata hannu saura kwana biyu a rufe rajistar jarrabawa. Bugu a layinmu ya koma bin barcin jaririya: Malama Lami ta ƙwanƙwasa bango, Garba ya ɗaga mabugi sama ya tsaya, masu kaya su zauna su jira. Wasu sun yi fushi sun kai wani wuri. Ya bar su suka tafi.

Ranar da aka rubuta jarrabawa ta ƙarshe, Asma'u ba ta jira na kai mata Ummi gida ba. Ita ta zo da kanta bayan la'asar, Habibullah ya tsaya can bakin layi da babur. Rabonta da rumfar nan tun tana 'yar firamare. Ta karɓi 'yarta, ta rungume Malama Lami, sannan ta zo ta durƙusa taku biyu daga gungume.

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya.” Idonsa na kan wata shuɗiyar shadda ta wani Alhaji, yana bugu. Ya ɗan karkato wajena. “Sani, tambaye ta an rubuta?”

“Asma'u, wai an rubuta?”

“Baffa, ka ce masa an rubuta. Duka. Ba wadda na bari.”

“Garba, wai an rubuta duka.”

“Na ji. Tambaye ta sakamako yaushe.”

“Sai bayan wata biyu,” ta ce, ta manta ba ta bi ta kaina ba.

“To. Madalla. A gaida gida.”

Ta tashi ta tafi, tana waiwaye. Garba bai ɗago ba. Fuskarsa kamar ba a ce komai ba, mabugi na sauka dum-dam, dum-dam. Sai da babur ɗinsu ya fita layin na lura ba ya juya ƙyallen, ba ya matsar da shi. Wuri ɗaya yake duka tun da ta durƙusa.

“Garba. Garba! Ɗaga mu gani.”

Ya ɗaga shaddar. Rami ne a gaban rigar, daidai ƙirji, har ina hango Malama Lami ta ciki. Mutumin da bai taɓa ɓata wa kowa ko bakin aljihu ba. Ya sa yatsa a ramin ya juya shi, ya kawo kusa da ido.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ashe zaren tsaye ne ke fara tsinkewa, ba na kwance ba.”

Alhajin ya ce jibi zai zo karɓa, zai sa ta ɗaurin auren ƙaninsa. Na riga na gaya wa masu hawa adaidaitata cewa jibi ba na fita.